Bayani a Kan Sayen Tsohuwar Land Rover: A Leƙa Ƙarƙashi Kafin a Taya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dalilin wannan bayani shi ne wani al'amari da ya auku ga maƙwabcina, mai fataucin hatsi a kasuwannin ƙauye. Hanyoyin da yake bi yashi ne da rani, taɓo da damina, saboda haka ya tara kuɗi ya sayi tsohuwar Land Rover. Ya kawo ta ƙofar gidana a sa albarka, tana sheƙi kamar sabuwa. Ba a yi wata biyu ba, ya ɗora mata buhuna, ta faɗa wani rami, sai ƙarfen bayanta ya karye. Da makaniki ya shiga ƙarƙashinta, ya tarar tsatsa ta daɗe da cinye shi, an cushe ramukan, an shafe da baƙin fenti. Rabin jarinsa ya tafi, zumuncinsa da dillali kuma ya yanke.

Ku sani, wannan mota an fara nuna ta ga jama'a a birnin Amsterdam cikin shekarar 1948, ana ƙera ta a Solihull ta ƙasar Ingila. A lokacin an fito daga Yaƙin Duniya na Biyu, ƙarfe ya yi wuya, sai maƙeranta suka yi gangar jikinta da sanholo, danginsu ɗaya da wanda ake zuba tukunya da shi. Amma shasi, watau firam ɗin da ke ɗauke da inji da jiki da kaya duka, da ƙarfe aka yi shi. Samfurin da ake kira Series II ya fito a 1958, Series IIA a 1961, Series III kuma daga 1971 zuwa 1985. Watau ƙaramar cikinsu ta ba shekara 40 baya. Ga shi kuma masu sha'awar tsofaffin motoci a Turai da Amurka suna nemanta, kuɗinta ya hau, masu gyaran fuska kuma suka yawaita.

To, a nan ruɗin yake. Sanholo ba ya jan tsatsa irin ta ƙarfe, don haka jikin motar yakan zauna da kyaunsa alhali ƙashin bayanta ya ruɓe. Ku fatake kun san mai sayen doki ba sirdi yake dubawa ba, baki yake buɗewa, ya ɗaga kofato. Haka nan wannan mota. Mai saye ya je da rana tsaka, da makanikinsa na kansa, ba na mai sayarwa ba, ya shimfiɗa buhu ya kwanta ƙarƙashinta da fitila da ƙaramar guduma. Ya bi shasi yana ƙwanƙwasawa tun daga gaba har baya. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi tas, ruɓaɓɓe kuwa muryarsa a dushe take, wani lokaci har ɓawo ya zubo. Ya tsananta bincike ga ƙarfen da ya gitta a can baya, da hannuwan da suka fito gefe suna riƙe da jiki, da inda sifirin ya kama, domin nan laka take maƙalewa ta riƙe danshi. Motar da ta zauna bakin teku, ko ta zo daga Ingila inda ake watsa gishiri a titi lokacin sanyi, ita ta fi kamuwa. Sabon baƙin fenti mai kauri a ƙarƙashin tsohuwar mota abin tuhuma ne.

Bayan shasi sai bangon da ya raba inji da mazaunin direba, domin shi ma ƙarfe ne. A ɗaga shimfiɗar da ke ƙarƙashin ƙafafu, a duba ginshiƙan da ƙofofi ke rataye. Inda sanholo ya haɗu da ƙarfe kuma, in an ga farin gari da ƙuraje ƙarƙashin fenti, alama ce ta ci.

Sa'an nan inji. A sharɗanta wa mai ita kada ya tashe ta sai an zo, a taɓa inji a ji shi da sanyi, domin zafi yana ɓoye aibi. Shuɗin hayaƙi yana nuna inji na ƙona baƙin mai. Farin hayaƙin da ba ya yankewa, ko wani abu kamar kindirmo a murfin baƙin mai, yana nuna ruwa na shiga inda bai kamata ba. Ɗan ɗigon mai kuwa ɗabi'arta ce, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin gudu shi ne zuba mai yawa, musamman daga ƙwallayen ƙarfe masu sheƙi da ke bayan tayoyin gaba, idan sun yi tabo.

Kana a hau ta a gwada a kan ƙasa, ba kwalta kaɗai ba. Kusa da giya akwai sanda mai jan kai da wata mai rawayan kai. In an danna mai rawaya, tayoyi huɗu duka sun kama aiki. In an ja mai ja baya, an shiga giyar taimako ta hawan tudu da fita daga taɓo. Don waɗannan ake sayen motar, wanda bai gwada su ba ya yi cinikin biri a sama. A lura ko giya tana fita da kanta in an ɗaga ƙafa daga totur, ko birki yana fizgar motar gefe guda. Series II da IIA giyarsu ta ɗaya da ta biyu tana son a taka kuloci sau biyu, wannan ƙirarsu ce, ba aibi ba ne.

Sai takardu. Lambar shasi tana buge a ƙarfen gaba na hannun dama, tana kuma kan ɗan allo cikin motar. Lalle su dace da juna, su dace da takardar mallaka da ta kwastan. Ku tuna kuma Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ran 2 ga Afrilu 1972. Da yawa daga waɗanda suka shigo kafin nan, da waɗanda ake kawowa daga Ingila, sitiyarinsu a dama yake. Mai son irin wannan ya fara jin ta bakin hukuma kafin ya ba da kafin alƙalami.

Amma hukunci, malamai sun san shi daga babin ciniki. Wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani dalla-dalla, ba ya dunƙule shi cikin faɗin "ai tsohuwa ce" ba. Wanda ya sayi abu, ya tarar da tsohon aibi da aka ɓoye masa, yana da zaɓi, ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Wanda kuwa ya ga aibi ya yi shiru ya ci gaba da amfani ba da larura ba, ana ɗaukar ya yarda. Ya halatta kuma a ƙulla ciniki bisa sharaɗin zaɓi na 'yan kwanaki domin gwaji. A rubuta wannan gaban shaidu biyu, tare da lambar shasi da aibobin da aka ambata. Dillali ma ya ji tsoron Allah, la'adar da aka ci bisa ɓoye tsatsa ba ta da albarka.

Tsohuwar Land Rover mai lafiyayyen shasi abokiyar tafiya ce ta ƙwarai, ko da ba ta da sauri, tana kuma shan mai. Inji ana gyara shi, giya ana sauya ta. Amma ruɓaɓɓen shasi sai an sauke motar duka kafin a musanya shi, aikin da kan ci kuɗin da ya kusa na sayenta. Maƙwabcina yau yana hayar motar wasu, tasa tana jingine bisa duwatsu, fentinta bai dushe ba.

Allah ya ba mu halal mai albarka, ya tsare mu da cuta da cutarwa. Wassalamu.