Sunan dangi a matsayin shaida: neman asalin ƴan ƙaurar Irlanda

Mai neman kakan da ya bar Irlanda lokacin babbar yunwa (1845-1852) matsalarsa guda ce: rajistar baftisma tana gundumar coci, alhali takardun Amurka galibi sunan ƙasar kawai suke ɗauke da shi. Rajistar haihuwa ta gwamnati sai a 1864 ta soma, kuma gobarar 1922 a Dublin ta cinye akasarin ƙidayar 1821 zuwa 1851.

Saboda haka daga Amurka ake farawa: rubutun kan kabari, ko cigiyar da jaridar Boston Pilot ta riƙa bugawa daga 1831 zuwa 1921, wadda takan ambaci gundumar.

In wannan bai samu ba, sai a koma ga sunan dangi. Kundin haraji na Griffith (1847-1864) yana nuna inda suna ya fi taruwa: Sullivan, daga Ó Súilleabháin, a Cork da Kerry. A ganinmu nan ne ake yawan kuskure, don wasu sunayen ba lanƙwasa lafazinsu aka yi ba, fassara su aka yi da Ingilishi. Mac Gabhann, watau "ɗan maƙeri", ya koma Smith, musamman a Cavan. Mai bincike sai ya ɗauka zuriyar Ingila ce, ya tsallake rajistar Katolika.