Me ke hana malamin ƙauye jin daɗin aikinsa a Tasawa da Mayahi?

A gundumomin Tasawa da Mayahi na jihar Maraɗi, malamin firamare da za ka tarar a aji galibi ɗan kwantaragi ne. Nijar ta soma ɗaukar irin waɗannan malamai a ƙarshen shekarun 1990 don ta buɗe makarantu da yawa a kan kuɗi kaɗan. Makarantun sun yaɗu, amma ɗan kwantaragi yana karɓar abin da bai kai albashin cikakken ma'aikacin gwamnati ba, alhali aiki ɗaya suke yi. Jinkirin biya kuwa ya sha jefa ƙungiyoyin malamai irin su SNEN cikin yajin aiki. Jarrabawar tantance malamai 'yan kwantaragi ta 2017, wadda ta raba dubbai da aikinsu, ta ƙara musu fargaba.

Sai maganar aji. A ƙauyukan Urafan ko Kanambakashe, aji sau da yawa rumfar kara ce. Ba ta tsayuwa sai an gama girbin gero, don haka karatun da aka buɗe a Oktoba yakan makara, ruwan farko kuma ya tashe shi. Tsakanin nan malam na fama da ƙurar hunturu da zafin bazara, yara zaune a ƙasa. Ga tsoron gobara: a Nuwamban 2021 wuta ta cinye irin waɗannan azuzuwa a birnin Maraɗi, yara sama da 20 suka rasu.

Malamar da aka tura nesa da gidan aurenta kuwa, neman sauyin wuri zuwa gari take farawa tun shekarar farko, kuma da wuya a ga laifinta.