Ɗan Wa Ke Cikin Hoton Nan?

A watan Yulin 2005 ne idon duniya ya juyo kan Nijar. Daminar 2004 ta ɗauke da wuri, fara ta afka wa ɗan abin da ya tsira a gonaki, kuɗin hatsi ya fi ƙarfin talaka. Tun watan Mayu Majalisar Ɗinkin Duniya ta roƙi agajin dala miliyan 16, manyan ƙasashe suka yi kunnen uwar shegu. Sai da BBC ta nuna yara masu fama da tamowa a cibiyar likitocin MSF ta Maraɗi, sannan kuɗi suka fara shigowa. A shekarar nan MSF ta kula da yara sama da 60,000 masu tsananin tamowa, kuma Tawa da Keita na cikin wuraren da ta buɗe cibiyoyi. Duk mai cewa hoton yaro ba ya tsinana komai, to bai ga abin da ya faru a lokacin ba.

Sai dai akwai wani kundin hotuna na ƙasar Adar, inda Tawa da Keita suke, da ba kowa ya gani ba. Tun 1984 aka ƙaddamar da babban aikin raya karkara na Keita, da kuɗin Italiya da taimakon hukumar FAO. A gundumar nan, wadda Tamaske ke cikinta, an yi shekaru ana jera duwatsu a kan fako, ana haƙa ramukan tare ruwa, ana dasa miliyoyin itatuwa. Mafi yawan masu aikin mata ne, domin da rani maza sun tafi bida. A kwarin Majiya kuwa, wajen Buza, tun 1975 ake dasa layukan dogon yaro don kare gonaki daga iska. Uwar da aka ɗauka a 2005 tana rungume da ɗa ramamme, wataƙila ita ce ta yi ƙuruciyarta tana dakon dutse a aikin na Keita. Hoton bai faɗi haka ba, kuma ba a yi shi don ya faɗa ba.

Me ya sa fuskar yaro guda take girgiza zuciya fiye da labarin gari ɗungum? A 2007 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Deborah Small da George Loewenstein da Paul Slovic, sun wallafa wani gwaji. Sun nuna wa wasu mutane hoton wata yarinya ƴar Mali mai shekara 7, wasu kuma aka ba su alƙaluman miliyoyin masu yunwa a Afirka. Waɗanda suka ga yarinyar sun fi ba da sadaka. Abin mamaki, da aka haɗa hoton da alƙaluman, sai kyautar ta ragu. Ƙungiyoyin agaji sun san wannan sarai, masu ɗaukar hoto ma sun sani. Shi ya sa ake matso da kyamara har fuska ta cika hoton, a fitar da uwa, a fitar da rumbu da awaki da maƙwabta, a bar ido biyu da ƙuda.

A nan ne maganar gyaran hoto take da nauyi. Mutane sun fi tsoron ƙari, wato a sa abin da babu ko a goge abin da yake akwai, kuma gidajen jarida ba sa wasa da wannan: a 2014 kamfanin dillancin labarai na AP ya raba gari da wani mai ɗaukar hoto don ya goge kyamarar abokin aikinsa daga wani hoton yaƙin Siriya. Amma a ganina yankan gefe ya fi haɗari, don shi halas ne a wajen kowa. Hoton nan na Kevin Carter da aka ɗauka a Ayod ta kudancin Sudan a 1993, na yaro durƙushe da ungulu a bayansa, ba a taɓa shi da komai ba. Duk da haka wanda ya gan shi zai ɗauka yaron shi kaɗai ne a dokar daji, alhali kusa da wurin rabon abinci ne. Shekara da shekaru ana cewa mace ce. Sai a 2011 wata jaridar Sifen ta gano mahaifinsa, ya ce namiji ne, kuma ya tsira daga yunwar, zazzaɓi ne ya yi ajalinsa bayan ya girma. Hoton ya ci babbar lambar yabo ta Pulitzer a 1994, ba wanda ya san sunan yaron a lokacin.

To, matafiyin da ya sauka Tamaske ranar kasuwa da kyamara a wuya, me zai yi hotonsa ya yi kyau ba tare da ya yi ƙarya ba? Rabin aikin na haske ne. Ranar tsaka a Adar tana zuba inuwa cikin kwarmin ido, ta sa lafiyayyen yaro ya yi kama da majinyaci. Hantsi da bayan la'asar sun fi, ko inuwar rumfa. Kyamara kan auna haskenta da farin bango ko sararin sama, sai baƙar fata ta dushe, don haka a auna da fuskar. Ƙurar hunturu tana kashe launi, amma wanda ya tsananta duhu da haske a kwamfuta don ya rama, zai fito da kowane faso da kowane tabo a jikin yaro. Sannan tsayuwa. Babba in ya ɗauki yaro daga sama, yaron ya ɗaga kai, to ya zama mai bara ko da ɗan sarki ne. A durƙusa, ido ya daidaita da ido, a ja da baya kaɗan a bar abin da yake yi ya shigo: kora jaki zuwa rijiya, taya uba ban ruwan albasa, wanke allo.

Sauran rabin ba na kyamara ba ne. A ƙasar Hausa uwa in aka ce za a ɗauki ɗanta, abin da za ta fara cewa shi ne a dakata ta yi masa wanka ta sa masa riga. Baƙo yakan ji haushi, wai an ɓata masa "ainihin rayuwa". Amma ita ta san cewa hoto yana daɗewa fiye da ranar da aka ɗauke shi, ga tsoron bakin mutane, ga gorin da za a iya yi wa yaro in ya girma. Mashahuran masu hoton yankinmu, irin su Seydou Keita da Malick Sidibe a Bamako da Philippe Koudjina a Yamai, sun yi suna ne da ɗaukar mutane yadda su mutanen suke son a gan su, kuma ba wanda ya ce hotunansu ba tarihi ba ne.

A 2017 ƙungiyar Save the Children ta fitar da wani bincike da ta yi a ƙasashe huɗu, har da Nijar, inda ta koma wajen waɗanda ta ɗauka ta tambaye su. Ba su ce a ɓoye wahala ba. Sun nemi a nuna ta tare da ƙoƙarinsu, a bar su su yi magana da bakinsu, a kuma faɗa musu inda hoton zai je. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ita ma yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, ta tanadi kare sirrin yaro da mutuncinsa a sashe na 16.

Yau dai Bature mai doguwar kyamara ya yi ƙaranci a hanyar Tawa zuwa Keita. Mu ne muka gaje shi. Kowa da wayarsa, ana ɗaukar almajiri yana lasar kwano, ana ɗaukar jariri a gadon asibiti, a watsa a Facebook da TikTok da sunan neman taimako, wani lokaci taimakon ya zo, wani lokaci mai shafin ne kawai ke ƙara mabiya. Jama'a, kafin ku danna, ku nemi uwar yaron ko ubansa, ku nuna musu hoton, ku faɗa musu inda za ku kai shi. In suka ce a'a, ku goge shi a gabansu.