Ƙwallo 18 da komawa gida: Hanyar Ahmed Musa daga Kano zuwa Turai, da abin da ya tarar bayan ya dawo

A kakar wasa ta 2024/2025, Anas Yusuf na Nasarawa United ya kammala gasar Firimiyar Najeriya da ƙwallo 18, babu wanda ya kamo shi. A Keffi, wadda ke jiha ɗaya da ƙungiyar, da wuya mutum ya ga sunansa a allunan da masu gidajen kallo ke jinginawa a bakin titi. Arsenal da Barcelona da Real Madrid ne ke cike da allunan. Ma'aikacin da ke baro Keffi da asuba, ya kutsa cunkoson Masaka da Mararaba da Nyanya kafin ya isa ofis a Abuja, sau da yawa ya fi sanin wanda ke zaman benci a Landan fiye da wanda ke ci wa jiharsa ƙwallo a Lafiya.

Amma adadin nan na 18 yana da tarihi. Shi ne abin da wani yaro ɗan shekara 17 ya ci wa Kano Pillars a kakar 2009/2010, ya kafa tarihin da ya tsaya har zuwa lokacin da Jude Aneke na Kaduna United ya ci 20 a kakar da ta biyo baya. Yaron shi ne Ahmed Musa, haifaffen Jos, wanda aka haifa ranar 14 ga Oktoba, 1992, ya kuma fara goge ƙafa a makarantar ƙwallo ta GBS da ƙungiyar JUTH kafin Kano ta ɗauke shi.

Hanyar da ya bi daga nan sananniya ce ga duk wanda ya san tarihin 'yan wasan gaban Birazil. Romário ya tafi PSV ta ƙasar Holan a 1988. Ronaldo ya bi sawunsa a 1994 yana ɗan shekara 17, daga Cruzeiro, ya zura ƙwallo 30 a kakarsa ta farko a gasar ƙasar. Holan ta daɗe da zama zangon farko ga yaran da suka ƙetare teku: ana ba su fili su yi wasa, ana koya musu tsayuwa, sannan a sayar da su da riba. Ahmed Musa ma can ya nufa a 2010, sai dai ba PSV ba. VVV-Venlo ce ta saye shi, ƙaramar ƙungiya a bakin iyakar Jamus, wadda Tijjani Babangida ya taɓa yi wa wasa a farkon shekarun 1990. Kuma abin da aka bar Ronaldo ya yi, shi ba a bar shi ba, domin a lokacin dokar FIFA ta hana cinikin ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika 18. Dole ya jira ranar haihuwarsa ta zagayo kafin ya taka fili.

Bai daɗe a Venlo ba. A Janairun 2012 CSKA ta birnin Mosko ta saye shi, kuma nan ne ya yi shekarunsa mafi albarka a matakin ƙungiya. Ƙarƙashin koci Leonid Slutsky ya ɗaga kofin gasar Rasha sau uku, a 2013 da 2014 da 2016, haɗe da kofin ƙalubale na ƙasar a 2013. Salon CSKA ya dace da shi kamar an auna: a ja baya, a bar abokin karawa ya matso, sannan a cilla ƙwallo bayan masu tsaron baya. Gudu kuwa Allah ya ba shi.

Ingila ce ta ƙi shi. Leicester City, tana ɗauke da kambin Firimiya, ta biya kusan fam miliyan 16 da rabi a Yulin 2016, kuɗin da ba ta taɓa kashewa kan ɗan wasa ɗaya ba kafin lokacin. Ya ci Barcelona biyu a wasan sada zumunta a birnin Stockholm, jama'a suka ce an samu. Da aka shiga gasa, ƙwallo biyu kacal ya ci a Firimiya, sai wasu biyun da ya zura wa Everton a kofin FA. An sallami Claudio Ranieri a Fabrairun 2017, waɗanda suka gaje shi ba su waiwaye shi ba. Akwai laifin ɗan wasan a ciki, domin taɓa ƙwallonsa ta farko ba kullum take zama ba. Akwai kuma laifin masu cinikin, waɗanda suka sayi mai irin aikin Jamie Vardy alhali Vardy yana nan daram. A Janairun 2018 ya koma CSKA aro, don kada kofin duniya ya wuce shi.

Rigar Najeriya ce ta fi fito da shi, kuma a nan ne labarinsa ya bambanta da na yawancin takwarorinsa, waɗanda ke haskawa a ƙungiya su dusashe a gida. Ya fara buga wa Super Eagles a 2010, tun kafin ya cika 18. A kofin nahiyar Afirka na 2013 a Afirka ta Kudu, shi ya ci ta huɗu a wasan kusa da na ƙarshe da aka lallasa Mali 4-1. Marigayi Stephen Keshi ya tafi gasar da 'yan wasa shida daga gasar cikin gida, ana ta yi masa surutu, sai ga shi ɗaya daga cikinsu, Sunday Mba, ya ci ƙwallon da ta kawo kofin a kan Burkina Faso. Gwamnatin Goodluck Jonathan ta ba 'yan wasan lambar girma ta MON da filaye a Abuja.

Ranar 25 ga Yuni, 2014, a Porto Alegre ta ƙasar Birazil, Lionel Messi ya ci Najeriya a minti na 3. Kafin 'yan Ajantina su gama murna, Ahmed Musa ya shigo daga gefen hagu ya lanƙwasa ƙwallo da ƙafar dama zuwa kusurwa mai nisa. Messi ya ƙara da bugun tazara gab da hutun rabin lokaci. Ana dawowa da minti biyu Musa ya sake farkewa, bayan ba-ni-in-ba-ka da Emmanuel Emenike. Marcos Rojo ya raba gardama, aka tashi 3-2, amma ranar ce ɗan Najeriya ya fara cin ƙwallo biyu a wasa ɗaya na kofin duniya. Bayan shekara huɗu ya maimaita a Volgograd a kan Iceland, lokacin da Gernot Rohr, wanda ya bar shi a benci a farkon wasan Croatia, ya sauya tsari ya haɗa shi da Kelechi Iheanacho a gaba. Ta farko ya tare ƙwallon Victor Moses a sama ya narka ta kafin ta gama sauka. Ta biyu ya tsere wa mai tsaron baya, ya kwantar da mai tsaron raga, ya tsaya ya zaɓi inda zai ajiye ta. Ƙwallo huɗu ke nan a kofin duniya, babu ɗan Najeriyar da ya kai haka. Abin takaici, Rojo ɗin nan dai shi ya fitar da Najeriya a wasa na gaba.

Sauran tafiyar ba ta buƙatar dogon bayani: Al-Nassr ta Saudiyya, inda ya ci kofin gasar a 2019, sai Fatih Karagümrük da Sivasspor a Turkiyya. Ya haura wasa 101 da Joseph Yobo da Vincent Enyeama suka yi wa ƙasa. A Kwaddibuwa, a farkon 2024, yana cikin tawagar da ta kai wasan ƙarshe a matsayin kyaftin, amma daga benci ya kalli gasar.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne komawarsa gida. A Birazil wannan al'ada ce. Romário ya baro Barcelona ya koma Flamengo a 1995 yana kan ganiyarsa. Adriano ya koma Flamengo a 2009 ya ci kofin gasar da ita, Ronaldo ya ƙarasa wasansa a Corinthians, Neymar ya koma Santos a 2025. A Najeriya kuwa ana kallon wanda ya dawo tamkar wanda kasuwa ta watse masa. Musa ya dawo Kano Pillars na ɗan lokaci a 2021, ya sake dawowa a 2024, ya ci Sunshine Stars biyu a wasansa na farko. A Yulin 2025 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta naɗa shi babban manajan ƙungiyar, yana kuma ci gaba da sa takalmi.

Ronaldo ma ya koma tsohuwar ƙungiyarsa a matsayin shugaba, amma ta wata ƙofa dabam. A 2021 Birazil ta yi dokar da ta ba ƙungiyoyi damar zama kamfanoni, shi kuma ya sayi kashi 90 cikin 100 na sashen ƙwallon Cruzeiro a Disambar shekarar, tana rukuni na biyu, bashi ya yi mata katutu. Ta dawo rukunin farko a 2022, ya sayar da hannun jarinsa a 2024. Kuɗinsa ne, kuma shi ke da ta cewa. Kano Pillars, mai kofin gasa huɗu, mallakar gwamnatin jiha ce, haka ma Nasarawa United da mafi yawan ƙungiyoyin gasar. Duk wanda ya taɓa bin takardar neman kuɗi daga tebur zuwa tebur ya san abin da hakan ke nufi ga albashin ɗan wasa da kuɗin motar zuwa Aba ko Fatakwal. Manajan da aka naɗa da takarda, takarda ce ke iya sauke shi, komai yawan ƙwallon da ya ci Ajantina.

Jarrabawar farko ba ta ɓata lokaci ba. A Oktoban 2025, bayan Shooting Stars ta Ibadan ta farke a ƙurarren lokaci a filin wasa na Sani Abacha, wasu 'yan kallo suka afka cikin fili suka far wa alƙalan wasa da baƙi. Hukumar gasar ta ci Pillars tara, ta zabtare mata maki uku, ta rufe filin, aka mayar da wasanninta na gida Katsina. Ahmed Musa ne ya fito ya ba da haƙuri da sunan ƙungiyar.