In Marka ta Tsare Ka a Ƙasar Gumel

Wata Alhamis cikin watan Agusta muka taso daga kasuwar Maigatari da la'asar sakaliya, mu bakwai a cikin wata tsohuwar ƙaramar mota. Hadari ya riga ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta fara kwasar ledoji tana watsawa sama. Wani dattijo da ke gidan gaba ya dubi direba ya ce, "Yaro, da ka ɗan dakata mu ga abin da Allah zai yi." Direba ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, ai wannan na mutanen Nijar ne. Kafin ya sauko mun shiga Gumel."

Ba mu shiga Gumel ba. Da muka sauka daga kwalta don ajiye wata baiwar Allah a ƙauyensu, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Muka iso wani kwari da ruwa ya shafe hanya, ba ka ganin komai sai kan ciyawa. Direba ya ce ya san wurin kamar tafin hannunsa, ya taka mota. A tsakiya ta yi tari sau biyu ta mutu. Ya murɗa makulli, ya sake murɗawa, ya ƙara. Muka fito ruwa har gwiwa muka tura ta tudu, muka kwana a zauren wani mai unguwa da ya shimfiɗa mana tabarmi ya aiko da tuwon gero. Da safe bakanike ya kwance filogi, ruwa ya yi tsartuwa daga cikin injin. Ya ce wa direban, "Mutuwar da ta yi ba ita ta kashe ka ba, murɗa makullin nan ne." Injin ya sha ruwa, an tilasta masa juyawa, ƙarfe ya lanƙwashe a ciki. Kuɗin gyaran ya fi abin da motar za ta samo a wata guda.

Baƙo yakan raina ruwan wannan yanki, kuma yana da dalili. Ƙananan hukumomi huɗun da suka haɗu suka zama masarautar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ƙasar rairayi ce a bakin iyakar Nijar. Babu babban kogi, babu dutse. Ruwan shekara ma bai taka kara ya karya ba in an gwada da na Zariya ko Kaduna. Sai dai ɗan abin da ake samu yana zuba ne cikin 'yan watanni, mafi yawansa a Yuli da Agusta, wani lokaci na mako biyu ya sauko a dare ɗaya. Ƙasar kuma shimfiɗe take kamar faifai, ruwa ba shi da gangaren da zai bi ya tafi. Sai ya nemi kwari ya kwanta, kududdufan da aka haƙa don ginin ƙasa su cika su tumbatsa, su haɗe da hanya. Wanda bai san gari ba ba zai bambance inda hanya ta ƙare da inda rami ya fara ba. Yara da yawa a kududdufi ake rasa su da damina, kuma baƙin yara da aka zo da su biki ko hutu sun fi shiga haɗarin, don ba su san zurfin ba.

Masana harkar ambaliya suna da wani ƙiyasi da ya kamata kowane direba ya haddace. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babban mutum. Santimita 30 na iya ɗaga ƙaramar mota ta fara iyo, taya ta daina kama ƙasa. Santimita 60 kuwa yana tafiya da yawancin motoci, har da masu tsayin nan da masu su ke taƙama da su. Ga kuma abin da ido ba ya gani: kwalbatin da ka bi da safe lafiya lau, da yamma ruwa na iya zaizaye ƙarƙashinsa, kwalta ta tsaya a sama kamar ɓawon ƙwai. In ba ka ga ƙasan ruwa ba, kada ka shiga. In ƙaddara ta sa mota ta mutu a ciki, a cire makulli, a tura ta waje, a kira bakanike. Lambar jami'an kiyaye haɗurra ta ƙasa ita ce 122, kyauta ake kira.

To, in an fasa tafiyar, ina za a fake? Nan ma akwai kuskuren da muka gada. Da an ji yayyafi sai kowa ya ruga gindin bishiya, musamman a karar dabbobi ta Maigatari inda fili ne fetal, rumfuna ba sa isa. Bishiyar da ta tsaya ita kaɗai a fili ita aradu ta fi nema. Makiyaya sun san wannan, don sukan wayi gari su tarar da shanu kwance a gindin gawo ko kuka. Akwai lissafi mai sauƙi: ƙara tana tafiyar kusan kilomita ɗaya cikin daƙiƙa uku. In ka ga walƙiya, ka fara ƙirga. In tsawa ta iso kafin ka kai talatin, hadarin yana kusa da kai ƙwarai, ka nemi gini mai rufi ko ka zauna cikin mota ka ɗaga gilasai. Kada ka fito sai an yi kamar rabin sa'a ba a ji tsawa ba. Ɗan acaɓa da ya ce zai kai ka kafin ruwa ya yi ƙarfi, ka gode masa kawai.

Katangar ƙasa ita ma ba abokiyar fakewa ba ce. Ruwan farko ba ya kayar da ita. Marka ce ke kayar da ita, ruwan nan na kwana biyu ko uku da ba ya ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa, yana jiƙa gindin gini a hankali. In an sauke ka a ɗakin ƙasa, ba rashin kunya ba ne ka haska fitila ka duba: gindin bango ya jiƙe har ya yi duhu? Akwai tsaga? Azara tana ɗiga? Ka ce wa mai gida, "Alhaji, ko in koma zaure?" Babu mai gidan kirki da zai ji haushi. Wayar lantarki da iska ta tsinko kuma, ko an ce babu wuta, a ɗauka akwai.

Ni a ganina ranar da ruwa ya tsare mutum a Gumel ba asara ba ce, in ya san abin da zai yi da ita. Garin tsoho ne, kuma tarihinsa ya sha bamban da na maƙwabta. Sarautar ta Mangawa ce, ta kuma jingina da Borno lokacin da Kano da Haɗeja da Kazaure suke ƙarƙashin tutar Sakkwato. A 1845 aka dawo da gadon sarauta nan daga Tumbi, wadda yanzu take cikin Nijar, garin kuma ya sha gwagwarmaya da Haɗeja da Damagaram kafin zuwan Turawa a 1903. In ruwa ya tsagaita, ka taka zuwa ƙofar fada, ka gaida dattawan da ke zaune, ka tambayi dalilin da ya sa ake ce wa garin Lautai. Za ka ji bayani fiye da ɗaya, kowa kuma ya rantse nasa ne daidai. Wanda ke da ɗa ko ƙani a Kwalejin Ilimi ta Gumel, ga ranar ziyara ta samu ba tare da shiri ba. A Gagarawa kuwa akwai tashar jirgin ƙasa a kan tsohon layin dogo na Kano zuwa Nguru, abin a nuna wa yaran da ba su taɓa ganin dogo ba.

Ɗan kasuwa ma yana da abin yi a ƙarƙashin rumfa. Ciniki a Maigatari ba a kara kaɗai ake yin sa ba. Rabinsa a bakin dillalai yake, a teburin mai shayi, inda za ka ji farashin raƙumi da na bijimi, da yadda sefa ta kwana, da wace hanya ce ta yanke. Wannan yanki ne na riɗi da zoɓo, kuma da damina ake sanin wanda ya shuka da yawa, a ƙulla alkawarin kaka tun amfani yana gona. Wanda ya sayi hatsi ko zoɓo busasshe, gara ya biya kuɗin ajiya a shago da ya ɗora a kan mota babu tamfol. Buhun da ya sha ruwa ya fara fumfuna, ba mai saye da daraja. Dabbobin da aka cusa a tirela cikin ruwa kuma, ƙasan motar ya yi santsi, ɗaya ta faɗi sauran su tattake ta kafin a yi nisa.

Abinci kam sai wanda ya ƙi. Lokacin ɗanyar masara ne a kan garwashi, da kwaɗon zogale da rama da tafasa, ga nono ya wadata saboda shanu sun ƙoshi. Abin kiyayewa shi ne ruwan sha. In kwata da masai suka cika suka malala cikin rijiyoyin da ba su da murfi, amai da gudawa ke biyo baya. A sha na famfon burtsatse ko wanda aka tafasa, a ci abinci da zafinsa, a tambayi mai fura da wane ruwa ta dama. Gidan sauro kuma ya shiga jaka tun daga gida, don masaukin baƙi ba kullum yake da shi ba. Mai tafiya da ƙananan yara ya tabbatar ba su tsallake maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba 'yan ƙasa da shekara biyar kowane wata da damina ba.

Wani abin da matafiyi ke mantawa shi ne, ko Gumel ta bushe, hanyar zuwa Gumel tana ratsa ƙasar da ba ta bushe ba. Kudu da masarautar kwarin kogin Haɗeja ne, wanda madatsun Tiga da Challawa ke zuba wa ruwa. A daminar 2022 ambaliya ta ci rayuka fiye da ɗari a Jigawa, ta yanke hanyoyi, ta raba dubban mutane da gidajensu a wurare irin su Ringim da ƙasar Haɗeja. A 2024 ma an sake ɗanɗanawa. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana fitar da gargaɗi, gidajen rediyo suna karantawa da Hausa, amma labarin da ya fi kowane sabo yana tasha. Kafin ka biya kuɗin mota, ka nemi direban da ya shigo yanzu daga inda za ka, ka tambaye shi yadda ya baro hanya. 'Yan kamasho ba za su gaya maka ba, su burinsu mota ta cika.

Fataken da suka daɗe suna cin kasuwar Maigatari ba sa tasowa ranar Alhamis da damina. Tun Laraba da hantsi suke kama hanya, lokacin da sama ta fi zama garau, don hadarin yankin ya fi haɗowa da yamma ko cikin dare. Su kwana a gari, su gama ciniki kafin azahar. A jakarsu akwai leda mai kauri ta naɗe waya da kuɗi, da fitila, da riga ɗaya ta canji, da kuɗin kwana guda da ba a taɓawa. Dattijon nan da ya ce a dakata, daga baya na gane irinsu ne. A zauren mai unguwa shi kaɗai ya fito da busasshiyar riga daga leda, ya sa, ya yi salla, ya ba ni aron fitilarsa na je na nemo takalmina ɗaya da laka ta riƙe.