Tsofaffin kuɗin ƙarfe a Arlit: wanne ke da daraja, wanne ne labari kawai

Abu uku ke yanke wa tsohon kuɗin ƙarfe daraja a wurin masu tara su: yawan da aka buga, ƙarfen da aka yi shi da shi, da lafiyar jikinsa. Tsufa kaɗai ba ya cikin lissafi, kuma a nan ne yawancin jita-jitar da ke yawo a WhatsApp tsakanin Arlit, Akokan da Agadas take tuntuɓe.

Wanda aka fi yi wa ƙari shi ne liyari, azurfar nan mai hoton sarauniya Mariya Tereza ta Austiriya, wadda ayari ya riƙa shigowa da ita ta hamada, maƙeran Abzin kuma suka daɗe suna narkewa su ƙera kayan ado. Mai riƙe da ita ya ga 1780 a jiki, sai ya ɗauka ta haura shekara 240. Ba lallai ba ne. A 1780 sarauniyar ta rasu, kuma tun daga lokacin duk wadda aka sake bugawa wannan shekarar ake sa mata. An buga ta a Biyana, a shekarun 1930 da 1940 an buga a Roma, Landan, Faris da Bombay, har yanzu ma Austiriya tana bugawa. Jimillarsu ta wuce miliyan 300. Gaskiyar da ke ciki ita ce azurfa ce: nauyinta giram 28, wajen 23 daga ciki azurfa tsantsa, don haka farashinta yana bin na azurfa. Wadda ke ɗauke da shekarar da ta gabaci 1780 ita ce ta fi wuyar samu, ta kuma fi tsada. Dalar azurfa ta Faransa, mai giram 25, ita ma galibi a kan sikeli ake yi mata kuɗi.

Sai kwabo da anini masu huji na zamanin Ingilishi, waɗanda fatake suka hauro da su daga Kano da Katsina. Ana cewa na 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas dukiya ne, tunda sarkin bai cika shekara a kan gado ba. Labarin yana da tushe: a 2020 an sayar da wani kuɗin zinariya mai hotonsa a kan fam miliyan 1. Amma wancan na gwaji ne da aka buga a Ingila, bai taɓa shiga kasuwa ba. Na Afirka ta Yamma kuwa miliyoyi aka buga aka watsa, abin da ake biya a kansu bai taka kara ya karya ba. Haka tamma ta gorar ruwa mai kan barewa da aka fitar a 1948.

A saman jerin akwai kuɗin zinariya masu hoton tsohon shugaban Nijar Diori Hamani, masu ɗauke da shekarar 1960, da wasu na 1968. Don tunawa aka yi su, kaɗan aka buga, ba a taɓa sayen goro da su ba. Kusa da su akwai na gwaji da ma'aikatar buga kuɗi ta Faris ta yi wa tambarin ESSAI. Da wuya a tsinci irin waɗannan a tsohon akwatin kaka, kuma jabunsu suna nan.

Maganar cewa wasu tsofaffin kuɗi na ɗauke da yuraniyom ko jan makuri, wai Turawa na saye da miliyoyi, ƙarya ce tsagwaronta. Jan makuri tsohuwar damfara ce. A 2009 ta sa mutane a Saudiyya suka yi rububin tsofaffin kekunan ɗinki na Singer, wai akwai shi a cikinsu. A yankin Arlit, inda kamfanin SOMAÏR ya fara haƙo yuraniyom a 1971, kamfanin COMINAK kuma ya yi aiki har Maris 2021, ba abin mamaki ba ne zancen ya samu kunnuwa. Abin da bincike ya tabbatar daban ne: ƙungiyar CRIIRAD a 2003, da Greenpeace a 2009, sun samu ƙarafa masu tururin guba a kasuwannin yankin. Tarkacen kayan aikin ma'adinai ne, ba kuɗi ba, kuma cuta suke jawowa, ba riba ba.

Gwajin farko ba ya bukatar boka. Maganaɗisu ba ya kama azurfa ko zinariya, sikelin masu sayen zinariyar Jado kuwa zai nuna ko liyari ta kai giram 28. Goge kuɗi da toka ko lemun tsami don ya yi ƙyalli yana kankare zanensa, ya karya masa farashi. Dillalin da ya ce a fara biyan kuɗin gwaji ko na rajista kafin mai saye ya iso daga waje, ɗan damfara ne.