Wayar hannu da zaftarewar dusar ƙanƙara: inda take taimako da inda take cutarwa

A tsaunukan Alps na Turai, kimanin mutum 100 ne ke mutuwa kowace shekara sakamakon zaftarewar dusar ƙanƙara. Yawancinsu masu wasan zamiya ne da masu hawan dutse da suka bar filayen da ake kula da su, suka shiga wuraren da babu mai gadi. Ranakun ɗumi a tsakiyar hunturu na cikin lokutan da haɗarin ke ƙaruwa.

Dusar ƙanƙara tana taruwa ne hawa-hawa, kowane zubi a kan wanda ya gabace shi. Idan rana ta yi zafi ko aka yi ruwan sama, ruwa yana tsiyaya ta cikin tarin, ya sassauta haɗin da ke tsakanin hawa da hawa, ya kuma ƙara masa nauyi. A gangare mai karkatar digiri 30 zuwa 45, tarin na iya sulluɓowa gaba ɗaya. Shi ya sa ƙwararru ke fita da sassafe, lokacin da sanyin dare ya daskarar da saman, su sauko kafin rana ta take.

A nan waya ke da amfani. Cibiyar binciken dusar ƙanƙara ta SLF da ke Davos a Suwizalan tana fitar da hasashe kullum ta manhajar White Risk, bisa ma'aunin haɗari na Turai mai mataki 1 zuwa 5. Manhajar tana nuna karkatar gangare a taswira, mutum ya tsara hanyarsa tun yana gida.

Amma da zarar tarin ya binne mutum, aikin ya koma hannun wata na'ura dabam da ake ɗaurawa a jiki, mai aika sigina a mitar 457 kHz. Abokan tafiya suna juya tasu zuwa yanayin nema, su bi siginar, sannan su yi amfani da sanda da shebur. Kusan tara cikin goma na waɗanda aka tono cikin minti 15 suna rayuwa; bayan minti 35, adadin yana faɗuwa zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku.

A 2013, Cibiyar Kula da Zaftarewar Ƙanƙara ta Kanada ta gargaɗi jama'a kan manhajojin da ke iƙirarin maye gurbin wannan na'ura. Bluetooth da Wi-Fi ba sa ratsa dusar ƙanƙara yadda ya kamata, kuma na'urorin ceto ba sa jin su.

Wayar ma kan rikita siginar. Ƙa'idar da masana ke koyarwa ita ce a raba su da aƙalla santimita 20 yayin tafiya, santimita 50 kuma yayin neman wanda ya nutse. Don haka waya ta zauna a aljihun da ke nesa da ƙirji, a cike da caji, domin kiran lambar gaggawa ta 112.